Me ya kashe sinimomi irin su Dunia da Orion, kuma sinimar cikin mota za ta yi rai a Ankara?

Ɗan Mamobi ya rubuta:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Tambaya gare ni, amma sai na ɗan ja ku da labari kafin ku gane inda na dosa, ku yi haƙuri da tsawonsa.

Sana'ata hayar lasifika da kujeru da rumfa a nan Ankara, babban birnin Gana. In ana suna ko ɗaurin aure ko maulidi tsakanin unguwannin Nima da Mamobi da Newtown, wataƙila kun taɓa zama a kujerata ba ku sani ba. Shekara 11 ke nan ina wannan aiki. Bara waccan na sayi majigi na hannu a Circle, saboda masu biki sun fara son a riƙa haska hotunan ango da amarya a bango. Majigin nan shi ya taso min da wani abu da ya daɗe kwance a raina.

Babana, Allah ya jiƙansa, tela ne a bakin titin Nima. Ina yaro, duk ranar da muka bi ta wajen da sinimar Dunia take, sai ya rage tafiya, ya nuna da haɓa ya ce nan suka ci ƙuruciyarsu. Yakan ba ni labarin yadda ake kallo sararin sama na bisa kanka, yadda yayyafi kan sauko ba wanda zai motsa don ba a gama dambe a allo ba, yadda za a fito da dare a bi titi ana rera waƙar Indiya da ba wanda ya san ma'anarta. Ni an haife ni a 1989. Abin da na tarar shi ne ɗakin bidiyo: benci biyar, talabijin ɗaya a saman kabad, allon alli a ƙofa an rubuta sunan fim, zafi kamar gidan burodi. Kallo a fili, irin wanda babana ke faɗa, ban taɓa ganinsa ba sai da na gwada da hannuna.

Wata Asabar cikin Janairu, hunturu na kaɗawa, na karɓi hayar filin wata makarantar firamare. Na sayi farin yadi, abokin babana da ya gaji kekensa ya haɗa min shi ya yi masa kunnuwa na ɗaure igiya. Na jera kujeru 80. Babba sidi 10 na kuɗin Gana, yaro sidi 3. Muka bari aka idar da sallar isha'i, sannan muka fara da ƙwallayen wasan da aka buga ran nan, muka bi da fim ɗin Indiya. Mutum 63 suka biya. Waɗanda suka hau katanga da bishiyar dogonyaro sun fi haka yawa, kuma ban kore su ba, don da ni ne a shekarunsu can za a same ni. Da na biya kuɗin fili da man janareta da yara uku da mai gadi, sidi 140 ya rage a aljihuna. Iska kuma ta wahalar da mu, yadin yana kumbura yana lafewa, fuskar jarumi ta faɗaɗa ta tsuke.

Kuɗin bai dame ni ba. Abin da ya hana ni barci daren nan wani abu ne dabam. Ta gefen da katangar makarantar ta rushe aka sa waya, motoci bakwai suka jera a waje, mutane na ciki suna kallo. Ɗaya daga ciki ta wani Alhaji ce da na sani a masallacinmu. Ya aiko ɗansa da sidi 50, ya ce a gaya min kada in kawo kujera, iyalinsa na cikin mota kuma nan za su zauna. Na leƙa daga nesa: uwargida a gaba, 'yan mata uku a baya, an sauke gilashi rabi, suna cin gyaɗa suna dariya. Matan gidan nan na san ba za su taɓa zama a kujerar roba cikin samarin unguwa ba. Motar ta zame musu ɗaki, suna waje kuma suna cikin sutura.

Da na ba wani ɗan ƙanen babana da ke Amurka labari, sai ya turo min bidiyon wani fili a can, motoci sun yi sahu gaban wani ƙaton allo, kowa na jin sauti ta rediyon motarsa. Ya ce abin tsoho ne a wurinsu, har ya kusa mutuwa.

Yanzu ga inda nake. Wani abokina yana da wurin wankin mota a hanyar Madina zuwa Adenta, kewaye da katanga, yana cin mota 40 in an jera da kyau. Daga magariba babu abin da ake yi a ciki. Ya ce in zo mu yi, shi ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku. Sai na sayi majigi mai ƙarfi, na sa maƙeri ya haɗa min allon ƙarfe, na nemi ƙaramin injin watsa sauti zuwa rediyo. Duk abin da na tara zai shige, har da kwasar adashin mai ɗakina da ta ce ta ba ni.

Shi ya sa na zo gabanku. Gidajen sinima irin su Dunia, Orion ta Circle, Oxford ta Newtown, Opera, Rex, Roxy, Globe, duk sun yi zamani kuma sun fi ni jari nesa ba kusa ba. Me ya kashe su? In na san ciwon da ya kashe uba, zan san ko ɗan zai gada. Wanda ya ga zamanin nan da idonsa, ko ya san yadda abin yake a ƙasar da ake yinsa, don Allah ya taimaka min kafin in zuba kuɗin matata.

Baban Aboabo ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗana. Jikana ne ke rubuta min, ni ina faɗa. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Ni a Kumasi na yi tawa rayuwar. Muna da Rex da Roxy da Odeon, da Rivoli a Bantama. Na yi shekara tara ina aiki a ɗakin majigin ɗaya daga cikin gidajen sinima na garin nan, na fara da share ɗaki da naɗe fim, har aka yarda in kunna inji. Don haka abin da zan gaya maka daga cikin ɗakin nake faɗa.

Ku yaran yanzu in an tambaye ku sai ku ce bidiyo ne ya kashe sinima. Bidiyo ya zo ya tarar da mara lafiya ne a kwance, ya ja masa mayafi. Ciwon ya fara tun ƙarshen shekarun 1970, lokacin da kuɗin ƙasashen waje ya yi wuya a Gana. Fim ba a garin nan ake yinsa ba, sai an yi odarsa daga Indiya ko Hong Kong ko Amurka, a biya da kuɗinsu. Da kuɗin ya ƙafe, sai muka koma juya tsofaffin da ke hannu. Fim ɗaya za a nuna shi har ya kakkarce, yana ruwan zane a allo, ya tsinke sau uku a dare. In ya tsinke ka ji fito da zagi daga ƙasa kamar za a rushe ginin, ni kuma ina sama hannu na rawa ina liƙa shi. Sandunan gawayin da ke ba injin haske ma sai da suka zama abin nema, muna ƙona su har guntun da bai kai ɗan yatsa ba. Wani lokaci gida biyu ke raba fim ɗaya a dare guda: in mun gama faifai na farko, yaro ya ɗora a keke ya ruga da shi ɗaya gidan, ya dawo mana da wani. Ranar da tayarsa ta yi faci, mutane ɗari uku su zauna suna kallon farin bango.

Sai ga 31 ga Disamba 1981, Rawlings ya karɓi mulki karo na biyu, aka sa dokar hana fitar dare. Daga 1982 har cikin 1984 dare ba namu ba ne. Ɗana, sinimar da ba ta da rufi da rana ba ta aiki, hasken rana ya fi na majigi. Da yawa cikin gidajenmu kuwa ta baya kaɗai aka rufe, inda masu kujera ke zama, masu benci a gaba suna ƙarƙashin taurari. Aka ɗauke mana dare fiye da shekara biyu. A tsakiyar wannan kuma ga yunwar 1983, ga gobarar daji, ga 'yan'uwanmu da aka koro daga Nijeriya sun cika gidaje. Wanda ke layin sayen garin masara ba ya layin tikiti. Da aka ɗage dokar, mutane sun riga sun saba kwanciya da wuri, yaran da ya kamata su gaji benci sun tashi ba su san hanyar ba.

Nan ne bidiyo ya shigo. Mai ɗaki ɗaya da talabijin da kaset zai nuna fim uku a yini, da rana tsaka, a bakin ƙofar gidanku, a kuɗin da bai kai rabin namu ba. Ba shi da ma'aikata ashirin, ba shi da ƙaton gini. Daga 1987 kuma 'yan Gana suka fara yin nasu fina-finan a kaset, daga baya na Kano suka iso zango, kowa ya saya ya kai ɗaki.

Gidajen sinima na da, wasu na 'yan Labanan ne, wasu na Indiyawa, wasu na gwamnati a ƙarƙashin kamfanin fim na ƙasa da Nkrumah ya kafa a 1964. A 1996 aka sayar da kashi 70 na kamfanin nan ga mutanen Malesiya, su kuma talabijin ce a gabansu, shi ne TV3 da kuke kallo ta fara a 1997. Masu gine-gine suka duba suka ga fili a tsakiyar gari, ga coci na son haya da kuɗin shekara a hannu, ga 'yan kasuwa na son wurin ajiye kaya. Wa zai ƙi? Ranar da aka sallame mu, na roƙi a bar min gilashin gaban injin, aka ba ni. Yana nan cikin akwatina a naɗe da tsumma.

To ka duba da kyau. Abu uku suka haɗu a kanmu: babu sabon fim, babu dare, sannan ƙasar da muke kai ta fi mu daraja. Na farko yau ba damuwarka ba ce. Na biyu yana hannun Allah da hukuma. Na ukun nan shi nake ji maka tsoro, don filin ba naka ba ne, kuma hanyar Adenta kowa ya san yadda gini ke cin ta.

Hajiya Mai Waakye ta amsa:

Ɗana Ɗan Mamobi, sannu da ƙoƙari. Baba na Kumasi, ina gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya.

Ni ban taɓa shiga Dunia ba ko sau ɗaya, amma na yi shekaru a ƙofarta. Innarmu tana suyar ƙosai da pinkaso a wajen, ni ina riƙe mata fitila ina ƙulla gyaɗa a takarda. Daga nan nake jin komai: kiɗan Indiya, ƙarar bindigar kaboyi, ihun maza in jarumi ya iso. Har na iya gane fim ya kusa ƙarewa daga sautinsa, in ce Inna ƙara wuta, sun kusa fitowa. Shiga kuwa, haram a gidanmu. Yarinyar da aka gani a ciki, gobe labarinta ya riga ta isa famfo, kuma ranar da aka zo neman aurenta sai wani ya tuna. Malaman makarantar allo ma suna aika manyan almajirai su tsaya a ƙofa, yaron da aka kama ya san abin da ke jiransa da safe. Saboda haka in maza na cewa kowa na zuwa sinima a da, rabin zango suke nufi.

Shi ya sa labarin Alhajin nan da iyalinsa ya taɓa ni. Na karanta wurin sau biyu. Da akwai irin haka a zamaninmu, da na ga abin da na yi shekaru ina ji da kunne.

Amma bari in gaya maka gaskiya irin ta uwa. Gida nawa ne a Nima da Mamobi ke da mota? Ka ƙirga a layinku kawai. Masu motar kuma yawanci sun tashi sun koma Adenta da Oyarifa da Kasoa, suna da talabijin kamar ƙofar ɗaki a falonsu. In ka yi na mota zalla, ka yi wa waɗanda suka fi kowa abin kallo a gida, ka bar mu da muka fi buƙata. Ka ware gefe guda da igiya da labule, ka shimfiɗa tabarmi, ka ce na mata da yara ne, ka sa dattijuwa a bakin wurin, ba saurayi ba. Mace uku za su haɗa kuɗin tasi su zo in sun san ba za a tsare su da ido ba.

Sai bayan gida. Kada ka raina wannan. Namiji zai zaga bayan katanga, mace ba za ta yi ba, kuma in ta zo sau ɗaya ta ga babu wuri mai tsabta da ƙofa da buta, ba za ta dawo ba, za ta kuma gaya wa goma. Sai lokaci: fim ya ƙare kafin goma da rabi, don mu masu dafa waakye, wato shinkafa da wake, ƙarfe uku na dare muke hura wuta.

Abu na ƙarshe, ka riƙe shi da kyau. Da kuɗin ƙosan ƙofar sinima Innarmu ta yi wa 'ya'ya mata huɗu kayan ɗaki. Masu cicinga, wato tsire, da masu shayi da masu rake duk sun ci abinci a wurin, mai sinima bai sami ko kwabo a ciki ba. Kai kada ka bar wannan kuɗi a waje. Mai ɗakinka da ta ba ka adashinta, ka ba ta wurin abinci ya zama nata.

Sule na Columbus ya amsa:

Salam ƙanina. Gaisuwa ga Baba da Hajiya. Ni ɗan Sabon Zango ne, shekara 14 ina jihar Ohio, kuma nakan kai yarana irin wurin da kake magana duk bazara, to bari in faɗi abin da na sani.

A nan Amurka aka ƙirƙiro abin. Wani mutum mai suna Richard Hollingshead ya buɗe ta farko a Camden, jihar New Jersey, a 1933. Bayan yaƙin duniya na biyu mota ta yi arha, mutane suka koma bayan gari da ƙananan yara, abin ya bunƙasa har ya kai kusan 4,000 a ƙarshen shekarun 1950. Yau saura wajen 300 a duk ƙasar. Ohio da Pennsylvania da New York suna cikin jihohin da suka fi ragowa. Akwai wata a Pennsylvania, Shankweiler's, tun 1934 take aiki.

Abin da ya kashe su ya yi kama da na Baba ƙwarai. An gina su a bakin gari inda ƙasa ba ta da tsada, gari ya girma ya cim musu, sai mai fili ya ga in ya sayar wa masu gina manyan kantuna zai sami abin da shekara ashirin na tikiti ba za su ba shi ba. Ga talabijin mai launi, ga bidiyo, ga sinimomi masu ɗakuna da yawa da na'urar sanyi a cikin kantuna. Ga kuma canjin agogo da suke yi da bazara, wanda ke sa duhu ba ya shiga sai wajen tara na dare, mai yara ƙanana ba zai jira ba. Da sanyi kuma dole a rufe wata biyar ko shida. Wajen 2013 kamfanonin fim suka fara daina aiko da faifai, aka ce kowa ya koma injin zamani na kwamfuta, ɗaya kusan dala 70,000. Wasu nan suka ajiye. A 2020 da korona ta rufe sinimomin cikin gini, sai aka sake tunawa da su, suka cika na ɗan lokaci.

Waɗanda suka rayu, na lura da abu biyu. Yawanci iyali ne ke da filin, babu mai tashinsu. Sannan filin ba ya kwana da aiki ɗaya. Wadda muke zuwa a kudancin Columbus, South Drive-In, da safe a ƙarshen mako kasuwar gwanjo ce, mutane su baje kaya a bayan mota, da dare a share a nuna fim. Kuɗin tikiti kuma babban kaso na masu fim ne. Ribar tana wurin gugguru da lemo da nama, har kafin a fara fim sukan roƙi mutane a allo su sayi abinci a wurinsu don kada wurin ya mutu. Maganar Hajiya ke nan daidai.

Kai kana da abin da su ba su da shi. A Ankara rana na faɗuwa wajen shida duk shekara, babu ƙanƙara, kuma filinka ya riga yana da aikin rana. Amma kana da abin da su bai dame su sosai ba: zafi da sauro. In an rufe gilashi a dahu, in an buɗe sauro ya shigo, in an bar inji na aiki don sanyi mai ya ƙone kuma hayaƙi ya dami na baya. Ka tanadi batir da wayar tayar da mota, don duk dare sai ka sami wanda rediyo ya shanye masa batir. A nan ma haka ne. Sannan ka sa ƙananan motoci a gaba, manya a baya, in ba haka ba faɗa za a yi.

Abdul Kanda ya amsa:

Yaya, ni ina ganin ka yi hattara. Tsarata kowa fim ɗinsa na cikin wayarsa. Wanda ke son fita da budurwa kuma sinimar Silverbird zai je a Accra Mall, tun 2008 suke nan, ga sanyi ga kujera mai laushi. Rex ma an yi yunƙurin tayar da ita a 2013, Akosua Adoma Owusu ta tara gudummawa a intanet don gyara ta, ka ga dai ba ta koma yadda take a da ba.

Sannan fim ɗin da za ka nuna na wa ne? Na makaranta dare ɗaya ne, ba wanda ya kula. In ka kafa allo kana karɓar kuɗi duk mako, sai da izinin mai fim. Akwai Hukumar Fina-finai ta Ƙasa da dokar 2016 ta kafa, ka je ka tambaye su. Watsa sauti ta rediyo ma hukumar sadarwa ce ke da iko da shi, kada ka sayi inji kafin ka ji ta bakinsu. Kuma ka tuna watan da sarakunan ƙabilar Ga ke hana kiɗa da hayaniya kafin bikinsu na Homowo, wajen Mayu zuwa Yuni, ga shi lokacin ruwa ne. Ni da ƙwallo za ka sa, zan zo. Daren da Gana ta buga da Uruguay a gasar kofin duniya ta 2010 a titi muka kalla, mu fi ɗari, kuma kowa na da talabijin a gida.

Ɗan Mamobi ya sake rubutawa:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa mai ɗakina duka jiya da dare, da muka zo kan maganar Hajiya ta ƙofar Dunia sai ta yi shiru, ta ce ita ma kakarta haka ta taɓa gaya mata.

Abdul, gaskiyarka kan izini, ban yi tunaninsa da kyau ba. Ranar Litinin zan je in tambaya. Na kuma yi magana da wasu yara biyu da ke yin fim da Hausa a nan zango, sun ce za su ba ni nasu mu raba abin da aka samu, su ma neman inda za a gan su a babban allo suke. Amma ban yarda waya ta gama da mu ba. Mutanen motoci bakwai ɗin nan duk suna da waya a hannu, kuma suka zauna awa uku a bakin waya mai tsatsa.

Baba, maganar fili ta shige ni. Na tambayi abokina, ashe shi ma haya yake, saura shekara biyu a takardarsa. Don haka na fasa allon da za a kafa da siminti. Maƙerin ya ce zai yi min wanda ake kwancewa gida shida, ya shiga bayan aboboya, babur mai taya uku na ɗaukar kaya, in an tashe mu mu ɗauki abinmu. Majigin ma ba zan saya yanzu ba, zan yi hayarsa dare huɗu tukuna, Asabar huɗu a jere daga farkon Disamba. Mota 25 a tsakiya, tabarmin mata a dama da labule kamar yadda Hajiya ta ce, kujerun maza a hagu. Adashin mai ɗakina zai tafi kan tukwane da gyaran bayan gida, abincin nata ne. Hajiya, in Allah ya kai mu, daren farko ni zan aiko mota ta ɗauke ki, ki zauna a gaba.

Saura abu ɗaya, Baba. Filin doguwa ne daga gabas zuwa yamma, ƙofa na yamma a bakin titi. Ta ina zan kafa allon?

Baban Aboabo ya amsa:

Kafa shi a gabas, ɗana, mutane su ba titi baya, don fitilun motocin da ke wucewa kada su shiga idonsu. Amma ka rataya buhu ko tamfol a ƙofar, in ba haka ba duk motar da ta shigo a makare za ta wanke maka allo da haske. Ka sa yaro a bakin ƙofa da tocila, ya ce kowa ya kashe fitila kafin ya shigo. Ka ɗaga ƙasan allon ya wuce tsayin mutum, kada ka matse shi jikin katanga, ka ɗaure shi da waya ta baya gida huɗu saboda iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa. In ka sa rana ka sanar da jikana. In ƙafata ta bar ni zan hau motar Ankara in zo, in taho da gilashin nan ka gani.